Warshar Baba Usta a Gadarif, inda aka gyara birkin motar mahaifina

Ranar da birkin motata ya fara ba ni tsoro, daga gona muke dawowa ta hanyar Doka, ni da ƙanena, da buhunan riɗi shida a baya. Wani yaro ya koro awaki suka faɗo titi. Na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka auduga. Sai da na ɗaga na sake takawa sau biyu sannan ya kama, da ya kama kuma sai ya fizgi sitiyari zuwa dama. Allah Ya kiyaye, ba mu taɓa yaro ba, ba mu taɓa akuya ba, amma har muka shigo garinmu Gadarif, a gabashin Sudan, ƙanena bai ce uffan ba, ni ma hannuna bai daina rawa ba.

Motar Land Rover ce, Series III, doguwar nan da ake kira 109, ƙirar 1976, mai injin fetur lita 2.25. A Solihull ta Ingila aka ƙera ta, kuma irinta sun fito ne daga 1971 zuwa 1985. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ya saye ta a hannun wani manomi tun ina ƙaramin yaro, a cikinta na koyi tuƙi, a cikinta aka kai amaryata. A watan Disamba na 2023, da birnin Wad Madani ya faɗi a yaƙin Sudan, ita ce ta kwaso mana 'yan uwa daga Faw, sahu biyu, mutane a ciki kaya a bisa. Don haka idan wani ya ce min in sayar in sayi bokis, wato a-kori-kura, nakan ce masa Allah Ya sa alheri kawai. Jikinta alminiyum ne, ba ya tsatsa, kuma baƙar laka ta Gadarif, wadda ke riƙe mota kamar danƙo idan damina ta kankama, ba ta cika kayar da ita ba.

Sai dai ƙafafunta huɗu duka birkin kwano ne, irin na da. Babu faifai ko ɗaya irin na motocin yanzu. Kwano ne na ƙarfe, faɗinsa inci 11, yana juyawa tare da taya, a cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa da aka manna wa fata. Idan ka taka, man birki ya tura silinda, silinda ta buɗe takalman su dafe cikin kwanon. Kuma ba ya saita kansa. Fata na cinyewa tazara na ƙaruwa, sai mutum ya shiga ƙarƙashi da sufana ya matso da takalman. Tawa kuma layin mai ɗaya gare ta, in ya ɓule a wuri guda, ƙafafu huɗun sun tafi tare. Yaran da suka koyi aiki a kan Hilux da raksha, wato keke mai ƙafa uku, ba su saba da wannan ba.

Na fara kai ta wata warsha, wato garejin gyaran mota, da ba zan faɗi sunanta ba. Kwana ɗaya suka yi, suka ce an gama. Mako biyu bayan nan birki ya koma yadda yake, har ya fi, ina takawa sau uku kafin ya kama. Wani dattijo da muke sallar asuba tare, wanda ya tuƙa tsohuwar Bedford shekaru da yawa tsakanin Gadarif da Kasala, shi ya ce min: "Malam, kai ta wurin Usta na bayan masu walda. Amma ka tafi da haƙurinka a aljihu."

Warshar tana can ƙarshen unguwar masana'antu, wadda a nan muke ce wa mantiƙa, bayan layin masu walda da masu ɗinkin tamfol. Babu allo, babu suna. Rumfar kwano ce guda, da bishiyar darbejiya, da gawarwakin Land Rover uku da yake cirar kaya a jikinsu. Kowa Usta yake ce masa, mu Hausawa kuma Baba Usta. Bahaushe ne, iyayensa daga Mai Wurno suka taso, garin nan na bakin Shuɗin Nilu da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa irin ta tsofaffinmu ce, da Larabci a gauraye, birki ma faramil yake ce masa. Ya haura saba'in, yana da yara biyu masu koyon aiki.

Na gaishe shi, na fara zayyano masa abin da nake zaton ya lalace. Ya ɗaga min hannu. "Ɗana, bari ita ta faɗa min." Ya shiga ya zauna, ya taka birki sau ɗaya a hankali ya riƙe. Ya saki, ya taka sau uku da sauri, ya sake riƙewa. Sannan ya yi min bayanin da ban taɓa ji daga bakin wani makanike ba. Ya ce idan ka buga sau biyu ko uku feda ta taso ta yi tauri, to tazara ce ta yi yawa tsakanin takalmi da kwano. Idan ta taso amma tana laushi kamar soso, iska ce a cikin mai. Idan kuma ka riƙe tana ta sulalewa ƙasa a hankali, to mai na zurarewa, ko a waje ko a cikin babbar silinda. "Taka," in ji shi, "biyu daga ciki take da su, kuma akwai na uku a ƙafar hagu ta gaba, ga shi can ina gani." Ya nuna min bayan tayar. Wani baƙin danshi ne da ƙura ta manne a kai, wanda na sha gani ban ɗauke shi komai ba.

Ya ce ba zai taɓa ƙafa ɗaya ya bar uku ba. Ko a buɗe duka huɗun, ko in ɗauki motata. Na ce, "Baba, kuɗi fa?" Ya ce sai ya gani da idonsa zai faɗa, kuma duk abin da ya cire zai ajiye min in gani.

Yadda suka ɗaga motar ma ya kwantar min da hankali. Ba a bar ta a kan jak ba, sai da aka sa mata ƙafafun ƙarfe huɗu aka girgiza ta aka tabbatar ta zauna. Kwanon ƙafar baya ya ƙi fita. A warshar farko na ga yadda suka yi ta dukansa da guduma. Shi kuwa sai ya sassauta notin saiti har ƙarshe don takalman su ja baya, ya ɗaura wani noti a ramin da masu ƙera motar suka tanada a fuskar kwanon, yana ɗaurawa kwanon na turowa waje da kansa. Da ya fita, yaron ya ɗauko tiyon iska zai hure ƙurar, Baba Usta ya daka masa tsawa. Ya ce tsofaffin fatun birki da asbesto ake yin su, ƙurarsu in ta shiga huhu ba ta fita. Da jiƙaƙƙen tsumma aka goge.

A nan asirin warshar farko ya tonu. A ƙafafun baya na 109, takalman biyu sun yi kama da juna ƙwarai, amma ba ɗaya ba ne. Akwai na gaba akwai na baya, kuma ɗan ƙarfen da ke jikin kowanne, wanda notin saiti ke turawa, ba a wuri ɗaya yake ba. An musanya su. Notin saitin nan, ta ciki wani ƙarfe ne mai siffar katantanwa, mai haƙora, kana juya shi yana ƙara tura takalmi waje. Da yake an sa takalman a gurbin juna, katantanwar ba ta kama su yadda ya kamata, ka juya har ka gaji tazara na nan. Ya ajiye min su biyun a ƙasa gefe da gefe, ya ce in duba da kaina. Sai da ya ɗora yatsa a wurin sannan na ga bambancin.

Ƙafar hagu ta gaba kuwa man giya ne ya jiƙe ta sharkaf. Fatar ta yi baƙi, tana da alamar ƙuna, wato wanke ta aka yi da fetur aka babbaka aka mayar. Baba Usta ya girgiza kai. Ya ce fatar da ta sha mai ta sha ke nan, ko ka ƙona ta ta bushe a ido, da zarar ta yi zafi a hanya man zai sake tsattsafowa. Dalilin fizgar da motar ke yi zuwa dama ke nan: dama na kamawa, hagu na santsi.

Abin da ya sa na zauna nake rubuta wannan shi ne abin da ya yi bayan haka. Wani zai canja robar da ke tare man ya rufe. Shi sai ya tambayi abin da ya sa ta zubar. Ya sa farce a kan zoben ƙarfen da robar ke gogawa, ya ce in sa nawa. Akwai wani siririn kwari da shekaru suka sassaƙa a jikinsa. Ya ce ko sabuwar roba goma ka sa a kan wannan kwarin, duk za su zubar. Ya fasa zoben da kurfi, a hankali don kada ya ji wa abin da ke ƙarƙashinsa, ya sa wani. Bai tsaya nan ba, ya laluba saman aksil ya ciro wani ɗan ƙaramin abu da laka ta toshe, ya ce ta nan aksil ke numfashi. In ya toshe, mai ya yi zafi, iskar ciki ba ta da mafita sai ta tura man ta wurin roba. Ya wanke shi a kananzir har ya dawo yana ƙara in an girgiza. Abin bai fi kan yatsa ba, kuma shekara da shekaru ina tuƙa motar ban san da shi ba.

Kayan gyara su suka cinye mana kwanaki. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, isbirat, wato kayan gyaran mota, daga Khartum suke zuwa, ka aika yau gobe su iso a motar haya. A lokacin kuwa sai ta Bur Sudan, ko abin da ya rage a shagunan gari. An kawo silindun ƙafa na farko, ya buɗe ɗaya, ya shafa cikinta da yatsa, ya ce a mayar, cikin bai yi sumul ba, zai cinye roba kafin kaka. Muka jira wasu. Kwanuka biyu na gaba sun yi zane, sai an kai makharaɗa, wurin injin sassaƙar ƙarfe, an sassaƙe cikinsu, can kuma sai an kawo wuta. Kwana biyu ana jiran wuta. Na baya ɗaya ya auna ya ce ya riga ya wuce iyaka, in aka ƙara sassaƙa shi zai yi sirara, ya yi zafi da wuri ya buɗe baki, birki ya gudu a gangara. Ya ciro wani daga gawarwakin nan nasa, ya auna, ya sa min.

Takalma kuwa ya ce ba a canja na ƙafa ɗaya. In za a sa sabo a hagu, dole a sa a dama, iri ɗaya, daga kwali ɗaya. Kafin ya rufe sai ya ɗauko alli irin na makaranta ya zazzana a kan fatar, ya mayar da kwanon ya juya, ya cire ya duba inda allin ya goge. Inda bai goge ba fatar ba ta taɓa kwano ke nan. Ya ɗan rage da fayil, ya dasashe bakin fatar don kada ta cafke, ya sake zanawa. A ƙafa ɗaya na ƙirga ya yi haka sau huɗu. Ina zaune a kan benci da kofin jabana, wato gahawa, daga wurin mai shayin da ke bakin layin, ina kallon dattijon nan a tsugune, zafin Afrilu na dukan rumfar kwano, bai ɗaga kai ba sai da aka kira la'asar.

Fitar da iska ya ɗauki yini guda cur. Ƙafafun gaba na wannan mota silinda bibbiyu gare su, kowane takalmi da tasa, shi ya sa take kamawa da ƙarfi in tana tafiya gaba, amma in tana komawa da baya birkin ya fi rauni. Iska na son maƙalewa a cikinsu. Ya sassauta saitin duka, ya ɗaure silindun don su tsuke, ya sa yaro a kan feda, shi yana ƙasa da kwalba da siririn tiyo. "Taka. Riƙe. Saki." Haka har tsohon man, wanda ya koma kalar shayi, ya ƙare, sabo fari ya fito babu kumfa ko ɗaya. DOT 4 ya zuba, daga gwangwanin da aka buɗe a gabana. Ya ce man birki na shan danshin iska, kada in ajiye buɗaɗɗen gwangwani a mota in riƙa ƙarawa, kuma in canja shi duk shekara biyu.

Da aka zo saiti sai ya miƙo min sufanar. Na ce, "Baba, ku dai ku yi." Ya ce, "A gona in ta ɓaci ni zan zo? Tsuguna." Kowace ƙafa noti biyu gare ta a bayan farantin birki, ɗaya na kowane takalmi. Ya ce in juya taya da hannu ɗaya, in ɗaure notin da ɗayan har tayar ta tsaya cak, sannan in sassauta haƙori biyu, in saurara. Ana son ta juya sakayau, da ɗan shafa kaɗan da kunne ke ji amma hannu ba ya ji. Sai a taka birki da ƙarfi don takalman su zauna, a sake dubawa. Na farko na bar shi da tsauri, ya ce in sake, in ba haka ba kwano zai yi zafi kafin in kai kasuwar amfanin gona. Noti takwas na yi a ranar, yana tsaye a kaina.

Yanzu abin da ban ji daɗinsa ba, don wanda zai je ya san abin da zai tarar. Ya ce min kwana huɗu, motar ta yi tara. Na yarda wuta da kaya sun ja, amma akwai kwana biyu da ya bar tawa a kan ƙafafun ƙarfe ya koma kan wata tarakta, bai kuma gaya min ba sai da na zo na gani. Ba ya ɗaga waya, sai ka kira yaronsa, shi ma ba kullum ba. Inuwa ta mutum biyu ce, in kun kai uku ɗaya na rana. Birkin hannu, wanda a wannan mota kwano ne na daban a bayan giya da ke riƙe farfela, bai duba shi ba sai da na tuna masa, alhali shi ma ya sha mai, ya ƙara min kwana guda. Abin da ya fi damuna kuwa, yaran nan biyu suna wanke kaya a fetur da hannu tsirara daga safe har yamma. Mutumin da ya hana su shaƙar ƙura ya kamata ya nema musu safar hannu. Na faɗa masa, ya ce in Allah Ya yarda. Da na koma bayan wata biyu ban ga safa ba.

Kuɗi ba zan faɗi adadinsa da fam ba, don farashin wannan watan ba na wancan ba ne. Ladan aikinsa ya yi daidai da kuɗin buhun dawa ɗaya da rabi a lokacin, kaya kuma sun ci kusan ninki uku na haka. Ya fi warshar farko tsada nesa ba kusa ba. Amma ya kira min kowane abu da kuɗinsa, ya zuba tsofaffin kayan a buhu ya sa min a mota, kwanon da ya ciro daga tasa gawar kuma rabin kuɗi ya karɓa. Ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, na biya, a wayar yaronsa.

Kafin ya sallame ni sai da muka fita gwaji a wani fili mai tsakuwa bayan gari. Ya ce in kai gudun kilomita talatin in taka da ƙarfi, hannuna a sake a kan sitiyari. Motar ta tsaya a miƙe. Muka sauka muka duba sawu: layi huɗu, tsawonsu kusan ɗaya. Ya zagaya yana kai bayan hannunsa kusa da kowane kwano, yana neman wanda ya fi sauran zafi. Ya ce in bi ta a hankali kwanakin farko har fatun su kwanta, in dawo bayan mako biyu a sake saiti, kyauta. Na dawo, ya sa ni na yi da hannuna, haƙori ɗaya ɗaya kawai suka ci.

Damina ta zo ta wuce tun daga nan. Na ratsa ruwa da laka ba adadi a hanyar gona, har da ranar da Khor Abu Farga ya cika muka yi dogon zagaye. Birkin kwano in ya sha ruwa ba ya kamawa sai ya bushe, don haka in na fito daga ruwa nakan ɗora ƙafar hagu a kan feda kaɗan ina tafiya a giya ta ɗaya har in ji ya dawo, kamar yadda ya koya min. Da ruwa ya ɗauke na cire kwanukan huɗu na wanke lakar da ta shiga, don in ta bushe a ciki tana cin fata kamar sanfefa. Ƙafar hagu ta gaba a bushe na same ta, babu ɗigon mai. Feda na kamawa a taku ɗaya, tun kafin ta kai rabi.

Wanda ke da Land Rover ta da, ko tsohuwar Bedford, ko duk wata mai birkin kwano, ya shiga mantiƙa ya wuce masu walda, ya tambayi mai shayin bakin layi ina Usta Bahaushe. Ya je da sassafe, kafin rana ta hau rumfar, kada kuma ya kai ta ana saura mako guda shuka. Ba ya buɗewa ranar Juma'a.